Zaɓen Injin Kwashe Ruwa Ga Tiren Wanka Mai Daidai Da Ƙasa

Tiren wanka mai daidai da ƙasa shi ne wanda tsayinsa bai wuce santimita 3 ko 4 ba, ko kuma wanda aka binne shi ya yi daidai da tayil ɗin banɗaki. Ana sa shi ne musamman saboda tsofaffi, da masu ciwon gwiwa, da masu amfani da keken guragu, waɗanda ɗaga ƙafa su tsallake baki kan zame musu haɗari. Matsalarsa ita ce ruwa ba ya tafiya sai ya samu gangara. Idan bakin magudanar tiren ya yi ƙasa da bututun da ke fitar da ruwan datti daga gidan, ko ya yi daidai da shi, ruwan wanka zai tsaya cik. Wannan yakan faru a ɗakin da ke ƙarƙashin ƙasa, ko a bene mai kankare da ba a so a fasa, ko a ɗakin da aka mayar banɗaki daga baya alhali yana nesa da sokawe.

Kafin a sayi inji, sai a tabbatar gangarar ta gagara da gaske. Dokar gini ta Ingila, alal misali, ta nemi bututun shawa mai faɗin milimita 40 ya riƙa sauka aƙalla milimita 18 a kowace mita. Ke nan bututu mai tsawon mita 3 yana buƙatar saukar kusan santimita 5 da rabi, ban da zurfin gwiwar da ke riƙe ruwa don toshe wari. Inda za a iya sassaƙe siminti a samu wannan, sassaƙar ta fi inji, domin gangara ba ta cin wuta kuma ba ta lalacewa.

Injinan da ake amfani da su iri biyu ne, kuma bambancinsu ya ta'allaka ne a kan yadda ruwa ke isa gare su. Na farko akwati ne na roba mai famfo a ciki, irin Sanishower na kamfanin Saniflo ko Sololift2 D-2 na Grundfos. Ruwa ne ke gangarowa cikin akwatin da kansa, idan ya kai wani mataki sai injin ya tashi ya tura shi. Abin da masu saye kan manta shi ne har yanzu wannan akwati yana buƙatar gangara daga tire zuwa bakinsa. Idan aka ajiye shi a ƙasa ɗaya da tiren, ruwan zai cika tiren kafin ya kai matakin da zai tayar da injin. Mafita ita ce a ɗaga tiren, wanda ya rushe dalilin sayensa tun farko, ko a haƙa wa akwatin rami a gefe, ko a rataye shi a ƙarƙashin bene idan akwai sarari.

Iri na biyu shi ne mai zuƙa, wanda kamfanin Whale ya yi suna wajen ƙerawa. A cikinsa akwai fatar roba da ke motsi gaba da baya tsakanin bawul biyu, tana zuƙo ruwan kai tsaye daga magudanar tiren kamar yadda ake zuƙar lemo da tsinke. Saboda haka ana iya kafa shi a bango sama da tiren, ko a cikin kabad. Yana jure yin aiki ba ruwa, yana wucewa da gashi da kumfar sabulu, kuma galibi yana aiki da wuta mai ƙarfin bolt 24 ta hanyar ƙaramar taransifoma da ake sawa a wajen wurin wanka. Ga tiren da ya kwanta daidai da ƙasa, wannan ne ya fi dacewa a mafi yawan lokuta. Aibinsa ƙara, musamman a ƙarshen wanka idan ya fara zuƙar iska tare da ragowar ruwa.

Bayan iri, sai yawan ruwa, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure. Dole ne injin ya iya kwashe fiye da abin da shawar ke zubarwa. Aunawa ba ta da wuya: a tara bokiti mai lita 10 a ƙarƙashin shawa, a buɗe ta iyakar ƙarfinta, a duba agogo. Idan ya cika a daƙiƙa 50, shawar tana ba da lita 12 a minti. Shawa mai dumama ruwa nan take da lantarki ba ta cika zubar da ruwa da yawa ba, domin mai ƙarfin kilowat 9.5 lita 4 da rabi kawai take iya ƙara wa zafin digiri 30 a minti ɗaya. Amma shawa mai faffaɗan kai da aka haɗa da injin ƙara ƙarfin ruwa takan ninka wannan sau uku ko fiye. Tire mai santimita 90 a kowane gefe da zurfin santimita 2 kimanin lita 16 kawai yake riƙewa. Idan shawa na zubar da lita 12 injin kuma yana kwashe 9, rarar lita 3 a minti za ta cika shi cikin kimanin minti biyar, ruwa ya malala ɗaki. Sai dai sayen wanda ya fi ƙarfin shawar nesa ba kusa ba shi ma ba dabara ba ne a wajen mai zuƙa, don zai yi ta haɗiyar iska yana gurnani. Rarar kashi ɗaya cikin biyar ko makamancin haka ta wadatar.

Lambar da aka rubuta a jikin kwali ita ce iyakar abin da injin ke yi idan ba ya tura ruwa sama. Da zarar an ce ya hau, yawan ruwan sai ya ragu. Don haka a auna tsayin da ruwan zai hau da nisan da zai yi a kwance, sannan a duba jadawalin da ke cikin takardar injin a ga lita nawa yake bayarwa a wannan tsayin. Masu aikin famfo suna lissafa hawan mita ɗaya a matsayin tafiyar mita 10 a kwance. Kowace gwiwa mai kaifi tana ƙara wa injin nauyi, shi ya sa gwiwoyi biyu masu digiri 45 suka fi ɗaya mai digiri 90. Tsarin da ya dace shi ne bututun ya hau sama tun daga bakin injin, daga nan ya bi gangara zuwa babban bututu, tare da bawul mai hana ruwa komowa.

Abin da ke tayar da injin ya cancanci dogon tunani, domin an ƙera yawancin masu zuƙa ne don gidajen Turai. Suna tashi ne idan wata 'yar na'ura da aka ɗaura a bututun da ke kawo ruwa ga shawa ta ji ruwa na gudu, su ci gaba da aiki na wasu daƙiƙu bayan an rufe. A gidan da ake wanka da bokiti, ko ake dafa ruwa a kicin a kawo wa dattijo, na'urar ba za ta ji komai ba, injin ba zai motsa ba, ruwa kuwa yana zuba a tire. Haka nan idan tankin gidan bai yi tsayi ba, ruwan kan zo a raunane har ya kasa motsa na'urar. A irin wannan gida a nemi injin da ke jin taruwar ruwa a cikin magudanar kanta, ko a sa makunni na hannu wanda aka yi shi don wurin danshi. Ruwan bokiti kuma yana zuba ne a lokaci guda, kofi bayan kofi, don haka tire mai ɗan zurfi ko magudana mai faɗi na taimakawa.

Ɗauke wuta ma matsala ce ta daban. A gidan da ruwa ke saukowa daga tankin sama, shawa tana ci gaba da zuba ko babu lantarki, injin kuwa ya tsaya. Waɗannan injina ba su cin wuta sosai, saboda haka haɗa su da layin inbata ko na sola shi ne mafi sauƙi. Wata hanyar ita ce a sa bawul mai aiki da lantarki a bututun shawa, wanda ke rufe ruwa da kansa da zarar wuta ta ɗauke. Inda babu ɗaya daga cikin biyun, gara a ɗaga tiren a yi masa gangaren hawa da a dogara da inji.

Haɗa wutar aikin ƙwararren mai gyaran lantarki ne. Layin banɗaki yana buƙatar na'urar da ke yanke wuta idan ta zurare, mai aiki a miliamfiya 30, kuma duk abin da ke kusa da inda ruwa ke fantsama ya kasance mai alamar IPX4 ko sama da haka. Taransifoma da soket su zauna nesa da tiren.

Kada a rufe injin da tayil ko siminti ba tare da barin murfin da za a iya buɗewa ba, domin bawul ɗin roba suna gajiya, gashi da zaren soso kuma suna taruwa. Yashi shi ne babban abokin gaban fatar roba, kuma ruwan rijiyar burtsatse da ƙafafun da suka shigo daga tsakar gida suna kawo shi, don haka a sa matata a bakin magudana a riƙa wanke ta duk mako. Ba a zuba wa injin asid ko soda mai ƙarfi na buɗe bututu, ruwan ɗumi da sabulu sun isa. Ba a kuma haɗa shi da masai, don wannan yana da nasa injin mai niƙa. Kafin a biya kuɗi, a tambayi mai shago ko yana da fatar roba da bawul na canji, tun da su ne ke fara lalacewa, kuma rashinsu kan sa a sake sayen inji sukutum.