Darasi na Bakwai: Taya Mai Liƙe Kanta da Ruwan Toshe Huji

Duk direban da ƙusa ta taɓa tsayarwa a dokar daji bayan faɗuwar rana ya san cewa faci ba ƙaramin al'amari ba ne. Domin rage wannan wahala aka fito da dabaru biyu, waɗanda ya kamata ɗalibi ya bambance su.

Ta farko ita ce taya mai liƙe kanta. Tun a masana'anta ake shafe cikinta da wani danƙo mai kauri, daidai ƙarƙashin sashen da ke taka ƙasa. Idan ƙusa ta shiga sai danƙon ya rungume ta, idan kuma ta fita sai ya cike gurbinta kafin iska ta tsere. Samfurin ContiSeal na kamfanin Continental da ke Jamus yana toshe hujin da faɗinsa bai wuce milimita 5 ba. Ta biyu kuwa ruwa ne da ake ɗurawa ta bawul, iskar da ke neman fita ta tura shi cikin hujin ya daskare.

Amfaninsu a fili yake. Matafiyi ba ya tsayawa kafa jak a wurin da bai aminta da shi ba, kuma taya ba ta sacewa farat ɗaya yana cikin gudu.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne, dabarar da ke hana iska fita ita ce ke ɓoye wa direba cewa an yi huji. Yana iya yin makonni da ƙusa a tayarsa bai sani ba, danshi na bin hujin yana sa wayoyin ƙarfen da ke cikin tayar tsatsa. A ganina wannan ya fi tsadar tayar zama abin damuwa. Bugu da ƙari, idan gefen taya ne ya yage, kamar yadda kan faru in an faɗa rami, to babu danƙon da zai yi magani.

Shi ruwan ɗurawa ma nasa matsalolin sun fi yawa. Na gaggawa ne kawai, shi ya sa masu yin sa kan gargaɗi direba kada ya wuce gudun kilomita 80 a sa'a. Yakan taru gefe guda ya sa sitiyari rawa, yakan toshe bawul, zafi kuma kan busar da shi da wuri. Mai faci ma ba ya maraba da shi, domin sai ya wanke tayar tas kafin faci ya kama.

Tambayoyi

1. Bambance tsakanin dabarun biyu da kalmominka.
2. Me ya sa marubucin ya ɗauki ɓoyuwar huji a matsayin babbar illa?
3. Fito da kalmomin aro guda biyar daga nassin, ka nuna yadda Hausa ta sauya furucinsu.