Tsofaffin Masana'antu: A Adana Ko A Rushe? Nazari Daga Cibiyar Tukwane Ta Suleja

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba wata tambaya da ke raba kan masana da masu riƙe da baitulmali: idan masana'anta ta daina aiki, shin ya dace a kashe kuɗin jama'a wajen adana gininta? Za mu ɗauki misali daga maƙwabciyar Babban Birnin Tarayya, wato Suleja, garin da ake kira Abuja kafin sabon birnin ya karɓi sunan bayan dokar 1976.

Tarihin Cibiyar

A farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Sulaimanu Barau, wani Bature magini mai suna Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin. Ya shigo da injin juya yumɓu da murhun gasa tangaran mai tsananin zafi. A 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Ta haɗa zanen Gwari da sabuwar fasaha, har aka baje kayanta a Landan. Daga baya aka sa wa cibiyar sunanta. Ta rasu a 1984, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20. Bayan rasuwarta aiki ya yi ta ja baya, gine-gine suka lalace.

Hujjojin Ɓangarori Biyu

Masu adawa da gyara suna cewa kuɗin da za a sa a rufi da albashin masu gadi ya fi amfani a asibiti ko makaranta. Wannan hujja tana da ƙarfi, domin gyaran farko ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba.

Masu goyon baya kuwa suna cewa barin gini a rufe ma asara ce. Masaƙar Kaduna da ke Kakuri, wadda ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002, kuma rufe ta bai ƙara wa talaka ko kwabo ba. A Landan kuwa an mayar da tsohuwar tashar lantarki gidan baje zane na Tate Modern a 2000, miliyoyin mutane na ziyartarsa duk shekara.

Kammalawa

Abin lura shi ne, ginin da ya cancanci kuɗin jama'a shi ne wanda aka samar wa aikin da zai ciyar da kansa, kamar koyar da sana'a da sayar da kaya. Ga ɗalibin harshe akwai ƙarin riba: inda ake ci gaba da sana'a, nan kalmominta ke rayuwa. In murhu ya mutu, sunayen kayan aiki kan bi shi.

Aikin Nazari

Nemi wani magini a garinku, ka tattaro kalmomi 20 na sana'arsa tare da ma'anoninsu, sannan ka nuna waɗanda aka aro daga wasu harsuna.