In Kwamfutar Ofis Ta Ƙi Kamawa

Darasi domin hakimai da malaman ofisoshinsu

A zamanin nan da wuya a shiga ofishin hakimi ba a tarar da kwamfutar tebur ba. Da ita magatakarda ya ke buga wasiƙu zuwa fadar Sarki da ƙaramar hukuma, a cikinta kuma a ke ajiye sunayen dagatai da masu unguwanni, da bayanin sulhun gonaki da iyakoki, da takardun shaida waɗanda 'yan makaranta da masu neman aiki su ke zuwa nema. To, ran da aka danna makunni ta yi shiru, aiki ya tsaya ke nan. A gari kamar Wudil abin ya fi ciwo in ya faɗo ran Juma'a, domin ran nan ce mutanen ƙauyuka su ke shigowa cin kasuwa, su haɗa da biyan bukatunsu a ofis. Wanda ya koma gida ba takarda, sai kuma wani mako.

Sau da yawa in haka ta faru sai a ce kwamfuta ta mutu, a tura ta wani lungu, a rubuta takardar neman sabuwa. Ko kuwa a danƙa wa wani yaro ya tafi da ita Kano, ta yi wata guda, ta dawo an shafe duk abin da ke cikinta. Alhali kuwa sau da yawa abin da ya lalace ɗan akwati guda ne kurum, wanda kusoshi huɗu ke riƙe da shi, sauran kayan duk lafiyarsu lau, takardun ofis kuma suna nan inda aka bar su.

Akwatin wuta da aikinsa

In aka dubi bayan kwamfuta, inda wayar lantarki ta ke shiga, za a ga wani akwatin ƙarfe mai fanka. Shi ne akwatin wuta, masu gyara kuwa suna ce masa fawa-fak. Wutar da ta ke zuwa daga bango a Nijeriya ƙarfinta bolt 230 ne, kayan cikin kwamfuta kuwa ba su iya ɗaukar ko kusa da wannan. Aikin akwatin nan shi ne ya karɓi wannan babbar wuta ya juya ta, ya raba ta ƙanana: bolt 12, da bolt 5, da bolt 3.3, ya aika wa kowane sashi gwargwadon abin da ya ke bukata. Kamar mai rabon ruwa ne a fadama: ruwa na nan a kogi, shuka na nan a fangali, amma in mai rabo ya kwanta ciwo sai lambu ya bushe.

Yawancin akwatunan nan a kan tsari guda a ke ƙera su, wanda a ke kira ATX, wanda kamfanin Intel na Amurka ya fito da shi a 1995. Amfanin wannan shi ne, akwatin wani kamfani ya kan shiga kwamfutar wani. A bisa tsarin, launin waya shi ke nuna aikinta. Rawaya bolt 12 ce, ja bolt 5, ruwan goro bolt 3.3, baƙa kuwa ita ce ta ƙasa, watau inda wuta ta ke komawa. Akwai koriya guda ɗaya tak, ita ce mai ba akwatin umurnin ya tashi. Lalle ne malamin ofis ya riƙe wannan koriyar, don za a komo kanta.

Abin da ke kashe shi a ƙasar nan

Abu uku ne. Na farko ƙura. Ofishin da ke kusa da babbar hanyar da ta taso daga Kano ta haye gadar Wudil, ko kusa da kara, ba ya rabuwa da ƙura ko da damina, balle da hunturu. Fankar akwati tana zuƙo iska don ta sanyaya shi, tana zuƙowa har da ƙurar, ta taru ta yi kamar auduga, fanka ta yi nauyi, daga baya ta tsaya. In fanka ta tsaya ga kuma zafin bazara, sai kayan ciki su dahu a hankali.

Na biyu rawar wuta. In an ɗauke an maido, wani lokaci ta kan zo da ƙarfin da ya wuce kima. Haka kuma ƙaramin janareta in mai ya kusa ƙare masa, ko aka ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa, wutarsa ta kan yi ta hawa da sauka. Tsawa da damina ita ma tana bin waya ta shigo.

Na uku kuwa na ganganci ne, ya kuma fi aukuwa ga kwamfutoci na hannu da a ke kawowa daga Amurka, inda wutar gida bolt 120 ce. Tsofaffin akwatuna suna da ɗan jan makunni a baya, gefe guda an rubuta 115, gefe guda 230. In yana kan 115 aka sa shi a wutar ƙasar nan, sai a ji fas, hayaƙi ya tashi, shi ke nan. Saboda haka duk kwamfutar da aka kawo ofis, kyauta ce ko saye, sai an duba wannan makunni tukuna a sa mata wuta. Kada kuma a bar yara su yi wasa da shi.

Bincike daga bango zuwa ciki

Kada a fara da sukundireba. A fara daga bango, a bi wuta sawu-sawu kamar mai bin sawun ɓatacciyar akuya.

Da fari a cire fulogin kwamfuta a sa wani abu a soket ɗin, fitila ko cajar waya, a ga ko akwai wuta. In ana amfani da doguwar soket mai baki da yawa, ko na'urar daidaita wuta, a tsallake su a gwada a bango kai tsaye, don su ma suna lalacewa. Sa'an nan a duba wayar kanta. Fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila yana da fis a cikinsa, fis kuwa ya kan ƙone. Hanya mafi sauƙi ita ce a ari wayar wata kwamfuta, ko ta allon kallo in bakinsu ɗaya ne, a gwada. Bayan haka a duba makunnin da ke jikin akwatin a baya, in yana da shi: alamar sanda ita ce kunne, alamar sifiri ita ce kashe. Mai shara ya kan bangaje shi bai sani ba. Abin dariya ne, amma kwamfutoci da yawa sun sha kuɗin mota zuwa wurin gyara a kan wannan kaɗai.

In duk waɗannan lafiya, sai a danna makunnin gaba a kasa kunne. In ba ƙaran fanka, ba ɗan haske, ba kome, zargi ya faɗa kan akwatin wuta. Haka nan in fanka ta motsa kaɗan ta tsaya, ko kwamfuta ta riƙa mutuwa ana tsakiyar aiki tana sake tashi da kanta, ko a ka ji warin ƙonewa ta baya. Amma in fanka na juyawa sosai, fitilar gaba na ci, allo ne kurum ya yi duhu, to a fara duba allon da wayarsa, don wataƙila ciwon ba na akwati ba ne.

Gwajin koriyar waya

Wannan shi ke raba gardama, kuma malamin da ya natsu zai iya yinsa. A cire fulogi daga bango ɗungum. Kashe makunni bai isa ba, don muddin fulogi na jiki akwatin yana sakin 'yar wuta ta bolt 5 ko kwamfuta na kashe. A buɗe murfin gefe. Kafin a taɓa kome a taɓa ƙarfen jikin kwamfuta, a kuma ɗauki hoton wayoyin da wayar hannu, ko a zana su a takarda, don a san inda kowace za ta koma.

Sa'an nan a zare dukan wayoyin akwatin daga inda su ke: babban baki mai rami 24, ko 20 in tsohuwar kwamfuta ce, wanda ke shiga babban faranti, da ƙaramin baki mai rami 4 ko 8, mai wayoyi rawaya da baƙaƙe, da waɗanda ke zuwa faifan ajiya. Kowane babban baki yana da ɗan harshe da a ke dannawa kafin a ja. Ba a fizga.

A sami ƙarfen nan na maƙale takardu, a miƙe shi, a lanƙwasa kamar baka. A cusa baki guda a ramin koriyar waya, ɗaya bakin a ramin wata baƙa ta kusa da ita. A tabbata koriya da baƙa ne, ba wata ba. A maida fulogi, a kunna. In fankar akwati ta yi shiru, galibi akwati ya mutu, ko da ya ke akwai waɗansu na zamani masu tsada da fankarsu ba ta tashi sai sun ɗau zafi. In ta juya kuwa, yana da sauran rai, amma ba a ce ya warke ba tukuna. Sai a nemi mai ma'aunin wuta, irin wanda kowane mai gyaran rediyo ke da shi, ya auna. Tsakanin rawaya da baƙa ya kamata a sami daga 11.4 zuwa 12.6, tsakanin ja da baƙa daga 4.75 zuwa 5.25, tsakanin ruwan goro da baƙa kuwa kusa da 3.3. Abin da ya fita daga wannan iyaka, akwati ya gaji.

Gargaɗi biyu. Waɗansu kwamfutocin ofis na Dell da HP da Lenovo, musamman sirara, ba su bin wancan tsari: bakinsu ƙarami ne, launin wayoyinsu dabam. Irin waɗannan ba a yi musu gwajin ƙarfe, sai a bar wa gwani. Na biyu kuma ya fi girma: kada kowa ya kwance murfin akwatin wuta kansa. A cikinsa akwai manyan kondensa masu riƙe wuta mai ƙarfin fiye da bolt 300, suna iya riƙe ta ko bayan an cire fulogi, tana kuwa iya halaka mutum. Ba a gyaransa a ofis, sake shi a ke yi ɗungurungum.

Sayen sabo

A nan ne kuɗin jama'a ya kan zube, saboda haka a nan ya kamata hakimi ya sa ido. A kwance tsohon akwati a ba ɗan aike ya tafi da shi, kwamfuta kuwa ta zauna a ofis da faifanta. Ba dalilin da zai sa bayanin gonakin mutane da rigingimunsu su kwana a shagon wani. Daga Wudil zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 40 ce, ana zuwa a dawo a yini guda, shagunan kayan kwamfuta kuwa ba su da wuyar samu.

A jikin tsohon akwai takarda mai nuna ƙarfinsa da wat. Sabon ya yi daidai da shi ko ya ɗara kaɗan. Kwamfutar buga wasiƙa wat 300 zuwa 400 na kirki ya ishe ta. A gwama girmansu da ramukan kusa da bakunan wayoyi, ɗaya bayan ɗaya. In na Dell ne ko HP mai siffa ta musamman, a nemi mai lamba iri ɗaya da tsohon.

Amma rubutun jikin kwali ba abin dogara ba ne kullum. Akwai akwatuna masu araha da a ke rubuta musu wat 500 ko fiye, in an ɗaga su kuwa sai a ji sakayau kamar gwangwanin madara. Na ƙwarai ya kan yi nauyi a hannu, wayoyinsa da kauri. Araha ba ta ado: akwatin banza in ya tashi mutuwa ya kan tafi da babban faranti, wani lokaci har da faifan ajiya, ga shi kuwa faifan shi ne dukiyar ofis. Sau da yawa na hannu na kamfanin kirki, in an gwada shi a gaban mai saye, ya fi sabo marar suna. A karɓo rasiɗi mai ɗauke da sunan shago da ranar saye da sharaɗin mayarwa in bai yi aiki ba.

Ɗaurawa ba ta da wuya. Fulogi na cire, a zaunar da sabon a gurbin tsohon, a ɗaure kusoshi huɗu, a maida wayoyi bisa ga hoton da aka ɗauka. Kowane baki ta fuska guda ya ke shiga, in ya ƙi a juya shi, kada a tilasta. Wanda aka fi mantawa shi ne ƙaramin nan mai rami 4. In ba a sa shi ba fanka za ta juya amma allo ba zai nuna kome ba, har a zaci sabon ma ba shi da kyau. A kau da wayoyi daga bakin fanka, a duba jan makunni in akwai, a rufe, a kunna. In har yanzu shiru, ciwon ya kai ga babban faranti ko makunnin gaba. A nan sai a kira mai gyara ya zo ofis ya duba a gaban magatakarda, da sharaɗin ba zai shafe faifai ba sai da izinin hakimi a rubuce.

Da kwamfuta ta tashi, aikin farko shi ne a kwafe takardun ofis a filashi, a kulle shi a durowar hakimi, a riƙa sabuntawa kowane mako. A ɗaga kwamfuta daga daɓe a ɗora kan tebur, a bar tazara tsakaninta da bango, a hure mata ƙura a farkon hunturu da ƙarshensa. In hadari ya taso, ko za a tashi daga aiki, ko za a ta da janareta, a cire fulogi. Magatakarda kuma ya shigar a littafin kayan ofis: ranar da akwati ya lalace, abin da aka gani, sunan sabon da ƙarfinsa, kuɗin da aka kashe, da wanda ya ɗaura. Tsohon a rubuta masa rana a jiki a ajiye a sito, har mai binciken kuɗi ya gan shi.