Ka Riƙe Hantsinka, Ɗana

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini an sallame ka daga aiki, ka kwaso kayanka daga Gusau ka dawo Gummi, kuma yau mako uku ke nan ba ka fitowa daga ɗaki sai rana ta take. Ban ga laifinka ba. Ni ma an taɓa miƙa mini irin wannan takarda, lokacin da masaƙar da na yi wa aiki a Kaduna ta rufe ƙofa a farkon shekarun 2000. Shekara goma sha huɗu jiniya ke gaya mini lokacin tashi, da na cin abinci, da na komawa gida. Da ta yi shiru, sai yini ya yi mini yawa kamar rigar aro. Tun yunwa ba ta leƙo gidana ba, hantsi ya riga ya fara cin raina.

Ka duba yininka da kyau. Daga azahar zuwa isha'i yana tafiyar da kansa, domin salloli sun kafa masa turaku, ga abinci, ga zafin rana, ga gaisuwar jama'a. Tsakanin fitowar rana da azahar ne babu turke ko ɗaya, kusan awa shida, kuma a nan ne aikinka yake zaune a da. A wannan gurbin tunani ke samun mutum shi kaɗai. Shi nake so ka fara cikewa, tun kafin ka yi maganar neman wani aikin.

Mu a nan Anka mun ga wannan da idonmu. A watan Afrilu na 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a duk faɗin Zamfara, samari masu yawa da ke cin abinci da zinare a wajejen Bagega da Sunke da Dareta suka wayi gari hannu rabbana. A Satumbar 2021 kuma aka rufe kasuwannin mako-mako, aka yanke layukan waya, dillalan dabbobi da masu lodi da 'yan acaba suka zauna. Duk asara ɗaya aka yi, amma ba a fito iri ɗaya ba. Waɗanda na ga sun miƙe daga baya, mafi yawansu waɗanda suka ci gaba da fita da sassafe ne, ko da yankan ciyawa za su yi, ko taya maƙeri zuga. Waɗanda suka miƙa safiyarsu ga barci da gindin bishiya, ko da hanya ta buɗe sai jikin ya ƙi tashi. Wasunsu har yau ina wuce su a inda na bar su, kuma raina na ɓaci, don na san iyayensu.

Ka sayi ɗan rago ko biyu daga cikin kuɗin sallamarka. Kada ka raina wannan shawara. Dabba ba ta san an kore ka ba. Da gari ya waye za ta yi kuka, dole ka tashi ka ba ta dusa da harawa, ka share turke, ka ɗebo ruwa. Kafin ka ankara awa biyu sun tafi a kan abin da zai zama kuɗi da layya. A cikin gida za ka ɗaure su, ka san halin da dajinmu ke ciki. Sauran kuɗin kuma, ka auni gero da dawa yanzu da kaka ka zuba a rumbu, kafin masu zuwa rance su ji ƙamshinsa.

Sai fadama. Gulbin Zamfara yana nan inda ka bar shi, kuma ambaliyar da ta yi wa Gummi ɓarna a Agustan 2024 ba ta hana mutane komawa noman rani ba. Gonar tudu mai nisa ban ce ka je ba, rai ya fi hatsi. Amma 'yar fadamar mahaifinka tana kusa da gari. Albasa da barkono ba su yarda da mai zuwa yau ya fasa gobe, shi ya sa nake so ka kama su. Idan hannunka ya manta fartanya, ka bi wani tsohon manomi mako biyu kana kallo, ba abin kunya ba ne ga mai takardar makaranta.

Na san za a ja ka zuwa ramin zinare, tunda an ɗage haramcin haƙar a Disambar 2024. Kai baligi ne, ba zan ɗaure ka ba. Sai dai ka tuna 2010, lokacin da likitocin MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Abare da Yargalma, yara fiye da 400 suka rasu. A tsakar gida ake daka dutsen zinare ana niƙawa, ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baka. Na yi jana'izar wasunsu. Idan har ka je, dutse kada ya shigo gidanka, tufafin aiki ma ka tuɓe su ka yi wanka a can.

Matarka kuwa, ka zaunar da ita ka gaya mata nawa ya rage. Ni na ɓoye wa tawa wata biyu, na riƙa fita kamar mai zuwa aiki, kuma wannan ɓoyon ya fi korar nauyi. Ranar da na faɗa, ita ce ta kawo shawarar ragon.

Majalisa ban hana ka ba, a can ake jin inda ake neman ma'aikata. Ka bar ta sai bayan la'asar, ka je da gajiyar aiki a jikinka. Neman aiki da buga waya da kai takardu, ka ware musu safiya ɗaya a mako, don kada su cinye sauran shidan da jira.

Tsakanin magariba da isha'i ka koma zauren karatu. Garinku ne ya haifi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, kuma akwai kwafin fassarar a akwatin mahaifinka, ni na saya masa. Shafi ɗaya kowane dare ya isa.

Gobe bayan asuba kada ka koma shimfiɗa. Ka taka zuwa fadamar, ka duba ko rijiyar da muka haƙa da mahaifinka ta rufta, sannan ka kira ni kafin azahar ka gaya mini abin da ka tarar. Irin albasa yana wurina, zan ba direban da ke bi ta Daki Takwas ya kawo maka.