Yadda Jami'an Lafiya Ke Bin Sawun Murar Aladu

A ƙarshen watan Maris na 2009, wani yaro mai shekara 10 a yankin San Diyago na jihar Kalifoniya a Amurka ya kwanta da zazzaɓi da tari. Ciwon bai yi tsanani ba, ya kuwa warke sarai. Sai dai da aka lakato majinarsa aka gwada, an ga mura ce ta rukunin A, amma ba ta dace da ko ɗaya daga cikin ire-iren da ke yawo tsakanin mutane a lokacin ba. Samfurin ya bi hannu-hannu har ya isa cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, wato CDC, a birnin Atlanta. Ranar 15 ga Afrilu aka tabbatar ƙwayar cutar tana da asali daga aladu. Bayan kwana biyu aka sami irinta a jikin wata yarinya mai shekara 9 a wata gunduma maƙwabciya. Yaran ba su san juna ba, kuma babu wanda ya raɓi alade a cikinsu.

Wannan batu na ƙarshe shi ya hana likitoci barci. Mura ta tsallako daga alade zuwa mutum ba sabon abu ba ne, kuma galibi a jikin wannan mutum ɗin take tsayawa. Amma in ta kama wanda bai je kusa da dabbar ba, to alama ce ta iya tafiya daga mutum zuwa mutum. Haka kuwa aka yi. Ranar 11 ga Yuni, shugabar Hukumar Lafiya ta Duniya a lokacin, Dakta Margaret Chan, ta ayyana cutar a matsayin annobar duniya. Mace-macen da gwaji ya tabbatar sun kai kusan 18,500, amma ƙiyasin da CDC ta yi daga baya ya nuna tsakanin mutum 151,700 zuwa 575,400 ne suka rasu a shekarar farko.

Me ya sa alade? Hanyar numfashinsa tana karɓar murar tsuntsaye da ta mutane da tasa ta kansa. Ƙwayar mura kuwa gadonta a gutsure yake kashi takwas. In iri biyu suka haɗu a jikin dabba ɗaya, sai su yi musayar waɗannan gutsattsarin, a sami sabon iri wanda garkuwar jikin ɗan Adam ba ta san shi ba.

Wahalar aikin sa ido ita ce, da ido ba a bambance wannan mura da wadda aka saba. Zazzaɓi ne, da tari, da ciwon maƙogwaro, da kasala. Saboda haka ake zaɓen wasu asibitoci a ɗora musu aikin ɗibar samfur a kai a kai daga masu irin waɗannan alamomi. Ma'aikaci zai zura ɗan siririn tsinke mai auduga a hanci ko maƙogwaro, ya tsoma shi a ƙaramar kwalba mai ruwan adanawa, ya rubuta lamba da kwanan wata, ya sa a akwatin sanyi. A ɗakin gwaji, mafi yawan samfuran sukan fito a matsayin murar da aka sani. Wanda ya ƙi shiga kowane aji shi ne abin nema. Dokar lafiya ta ƙasa da ƙasa ta 2005 ta wajabta wa kowace ƙasa sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya duk wani sabon nau'in mura da aka gani a jikin mutum, ko da mutum ɗaya ne.

Daga nan aiki ya koma na ƙafa. Jami'ai za su je gidan majinyaci su yi ta tambaya: ina ka je a makon da ya wuce? Ka shiga garke ko kasuwar dabbobi? Wa ya yi jinyarka? Akwai mai tari a gidan? Amsoshin nan ne ke raba ƙaramin lamari da babba. A 2012 an sami mutum 309 da suka kamu da wani iri mai suna H3N2v a Amurka, akasarinsu yara da suka halarci bukukuwan baje kolin dabbobi, inda ake yini ana shafa aladu a rumfuna. Mutum ɗaya ya rasu a jihar Ohayo. Da bincike ya nuna daga dabbobin ake ɗauka, cutar ba ta yin nisa tsakanin mutane, sai aka tsaya kan wanke hannu, da hana cin abinci a rumfunan, da nisanta masu rauni daga wurin.

Saurin yanke hukunci ma yana da nasa tsada. A 1976 murar aladu ta ɓulla a sansanin soja na Fort Dix, soja ɗaya ya mutu. Gwamnatin Amurka ta yi wa mutum fiye da miliyan 40 rigakafi, annobar ba ta zo ba, aka dakatar da shirin a watan Disamba bayan an sami wasu da ciwon shanyewar jijiyoyi. Masar kuwa a 2009 ta ba da umarnin hallaka aladunta kusan 300,000, alhali a lokacin mutane ne ke yaɗa cutar, ba dabbobin ba. Shara mai ruɓewa, wadda a da aladun ke cinyewa, ta taru a titunan Alƙahira.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa wannan ba ruwansa, tunda ba ya kiwon alade balle cin namansa. Wannan kuskure ne. Ba ta cin nama ake ɗaukar ta ba, ta numfashi ce, kuma da zarar ta koyi bin mutane ba ta tambayar sana'ar kowa. A 2009 har hukumomin Saudiyya suka shawarci tsofaffi da masu juna biyu da ƙananan yara su ɗage aikin Hajji. Ban da haka, ana kiwon aladu sosai a kudancin Kaduna da Filato da Binuwai, kuma akwai babbar kasuwarsu a yankin Kafanchan. Nijeriya ta fara nata tsarin sa ido kan mura a 2008, bayan ɓullar murar tsuntsaye a jihar Kaduna a 2006, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na cikin wuraren da aka zaɓa don ɗibar samfur.

Duk wanda zazzaɓi da tari suka kama shi bayan ya yi hulɗa da aladu ko kaji marasa lafiya, ya kamata ya faɗa wa likita haka da bakinsa, ko ba a tambaye shi ba, kuma kada ya tsaya sayen magani a kemis yana jiran gobe. Maganin mura na oseltamivir ya fi aiki ne idan an fara shan sa cikin kwana biyu da bayyanar alamomi.