Yadda Ake Fenti Tsohuwar Tirelar Soja Domin Aikin Gona

Gabatarwa

Tirela na daga cikin kayan aikin da ke sauƙaƙa wa manomi jigilar taki, iri da amfanin gona. A yankin Bukuru da kewaye, kamar Kuru da Vom, inda ake noman dankalin Turawa, kabeji da karas damina da rani, wasu manoma da ƙungiyoyinsu kan sayi tsofaffin tireloli a gwanjo, ciki har da waɗanda sojoji suka daina amfani da su. Irin waɗannan tireloli suna da ƙarfe mai kauri, amma galibi sun daɗe a ajiye a fili, fentinsu ya fashe, tsatsa ta fara ci. Idan ba a yi musu fenti yadda ya dace ba, ƙasan tirelar kan ɓule, manomi ya yi asarar kuɗinsa. Wannan darasi zai yi bayanin launin da ya kamata a zaɓa, irin fentin da za a saya, da matakan shafa shi.

Batun koren soja

Mutane da dama kan so su mayar wa tirela launinta na asali. Ya kamata malaman gona su faɗakar da manoma cewa tun shekarar 1977 akwai doka a Nijeriya da ta hana tuƙa motar da ba ta rundunar soja ba alhali tana ɗauke da launin koren soja, kuma jami'an tsaro na iya tsare irin wannan mota. A Jos ne hedikwatar Runduna ta 3 ta sojojin ƙasa take, a Rukuba, saboda haka manomin wannan yanki ba zai rasa haɗuwa da sojoji a hanya ba. Tirelar da aka tsare cike da ɗanyen dankali ko tumatir, asara ce babba. Abin da ya fi shi ne a sauya launin gaba ɗaya, a kankare lambobi da duk wata alama ta soja, sannan a adana takardun gwanjo a wuri mai kyau.

A zaɓi launi mai haske kamar shuɗi, ruwan ɗorawa ko ruwan toka. Launi mai duhu yana ɗaukar zafin rana, kayan lambu su yi saurin yaushi. Haka kuma direbobi sun fi hango launi mai haske da yamma ko cikin hazo.

Abin da ke kawo tsatsa

Ƙarfe yana tsatsa ne idan ruwa da iska suka haɗu a jikinsa. Tudun Jos na samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma dankalin damina a tsakiyar ruwa ake haƙarsa. Takin zamani, kamar yuriya da NPK, da kashin kaji duk suna ƙara wa tsatsa sauri idan suka jiƙe a cikin tirela. Aikin fenti shi ne raba ƙarfe da danshi.

Kayan da ake bukata

1. Jan fentin kariyar tsatsa, wanda shi ne shafin farko.
2. Fentin mai, mai sheƙi, na ƙarfe. Fentin ruwa na bangon ɗaki bai dace ba.
3. Baƙin fentin kwalta domin ƙarƙashin tirela.
4. Tina irin wadda aka rubuta a jikin gwangwanin fentin.
5. Buroshin waya, samfefa, abin kankara, buroshin fenti da tsummoki.
6. Safar hannu, tabarau da takunkumin hanci.

Lissafin yawan fenti

Lita ɗaya ta fentin mai kan rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafi ɗaya. A ɗauki misalin tirela mai tsawon mita 3, faɗin mita 1.8, da tsayin gefe rabin mita. Ƙasanta, ciki da waje, murabba'in mita 10.8 ne. Gefunanta huɗu, ciki da waje, 9.6 ne. Idan aka ƙara kimanin 5 domin ƙarafan gindi da sandar ja, jimilla ta kai wajen 25. Ke nan kowane shafi zai ci lita 2 da rabi. Galan ɗaya mai lita 4 na jan fenti zai isa shafin farko, har a maimaita a wuraren walda da cikin tirela. Fentin sama kuwa shafi biyu ake yi, don haka a tanadi lita 5.

Lokacin da ya dace

Kada a yi fenti da damina, domin danshi kan hana shi kama ƙarfe. A watannin Disamba da Janairu kuma sanyin Bukuru yana jinkirta bushewa, ƙurar hunturu ta manne a jikin ɗanyen fenti. Lokaci mafi kyau shi ne watan Nuwamba, ko daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris. A fara aiki bayan raɓa ta bushe, wajen ƙarfe 10 na safe, a tsaya kafin la'asar. A yi aikin a inuwa, a wurin da iska ke ratsawa. Idan ƙarfe ya yi zafin da ba a iya ɗora masa hannu, a dakata.

Matakan aiki

1. A wanke tirela da ruwa da sabulun gari, a cire laka da ragowar taki, a bar ta ta bushe sarai.
2. A goge giris da baƙin mai da tsumma da tina. Fenti ba ya zama a kan maiƙo.
3. A duba wuraren da suka ɓule ko suka tsage, a kai wa mai walda kafin a ci gaba.
4. A kankare fentin da ya ɗago, a goge tsatsa da buroshin waya har ƙarfe ya bayyana. Tsohon fentin da ke riƙe da kyau, a bi shi da samfefa kawai don sabon ya sami wurin kamawa.
5. A rufe tayoyi, fitilu, bakin giris da farantin da ke ɗauke da lambar ƙirar tirela.
6. A shafa jan fenti a ranar da aka gama gogewa. Ƙarfen da ya kwana a buɗe zai wayi gari da sabuwar tsatsa.
7. Bayan kwana ɗaya a shafa fentin sama. A motsa shi sosai tukuna, kuma kada tina ta wuce kashi ɗaya cikin goma. Shafi biyu marasa kauri sun fi shafi ɗaya mai kauri, wanda kan zuba ya yi tamoji.
8. A bar kwana ɗaya tsakanin shafi da shafi. Daga nan a shafa fentin kwalta a ƙarƙashi da saman tayoyi.
9. A bar tirela mako guda kafin a yi mata lodi, sannan a manna mata tef mai walƙiya a baya da gefe.

Kiyaye lafiya

Tsofaffin fentin ƙarfe da yawa suna ɗauke da dalma. Illar wannan guba ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, domin a shekarar 2010 ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta yi sanadin mutuwar yara fiye da 400 a Jihar Zamfara. Saboda haka a jiƙa tsohon fenti da ruwa kafin a goge shi, kuma kada a ƙona shi da wuta. A shimfiɗa leda a ƙasa a tattara ɓarɓashin, nesa da rijiya, shanya da dabbobi. Yara da mata masu ciki su nisanci wurin. A wanke hannu kafin cin abinci, a guji taba da wuta kusa da tina. Gwangwanin fenti kuma bai dace da ɗiban ruwan sha ko zuba abinci ba.

Kulawa bayan fenti

A wanke tirela duk ranar da ta ɗauki taki. A shimfiɗa katako ko buhuna kafin a loda dutse ko yashi. A ajiye ta a rumfa, ko a ɗaga gabanta kaɗan don ruwa ya tsiyaye. A ƙarshen kowace damina a duba wuraren da suka kuje, a goge, a taɓa su da jan fenti sannan fentin sama. Rigakafi ya fi magani: gwangwani ɗaya a shekara ya fi sauƙi a kan sake ƙasan tirela.

Don ƙarin bayani, a tuntuɓi malamin gona mafi kusa.