Darasi Na 7: Tsohon Inji Mai Araha, A Saya Ko A Bari?

'Yan uwa, ni ce ma'ajin ƙungiyarmu a Faskari. Bara bayan kaka, wata 'yar ƙungiya ta nemi rance za ta sai wa ɗanta injin yankan itace na hannu. Mai shi ya ce zai bar mata a rabin kuɗin sabo, wai ɗan gyara kawai yake so.

Kuɗin asusu gumin kowa ne. Muka ce ba mu hana ba, amma sai an amsa tambayoyi huɗu.

1. Wane irin gyara ne? A kai wa makaniken da ba abokin mai sayarwa ba. Fulogi, igiyar tayarwa, dakusasshiyar sarƙa ko kafireta mai datti, duk ƙaramin gyara ne. Amma in an ja igiya ta taho sakwaf ba nauyi, galibi fistin ne ya cinye. Wannan babban aiki ne.

2. Ina kayan gyaransa? In akwai a Funtuwa, da sauƙi. In sai an je Kano, a haɗa da kuɗin mota.

3. Me zai riƙa ci kullum? Injin nan fetur yake sha haɗe da man inji, sarƙar ma da nata man. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda lita ta koma.

4. A ina zai yi aikin? Dajinmu ba ya shiguwa saboda rashin tsaro, sare itace kuma sai da izinin malamin daji. Ga shi sarƙa ba ta san ƙafar mai ita ba.

Da makanike ya buɗe, sai ga fistin a kwarzane. Muka tara kuɗin saye da na gyara da na mota, ya kusa kamo na sabo. Ranar ta yi fushi da mu ƙwarai. Daga baya ta karɓi rance ƙarami ta sayi masara ta ajiye, kuma ta biya kan lokaci.

Ba kowane tsohon inji ne asara ba. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa: a tambaya, me ya sa mai shi ke neman rabuwa da shi?

Mu tattauna: Wa ta taɓa sayen keken ɗinki ko injin markaɗe na hannu? Nawa gyara ya ci kafin ya fara kawo kuɗi?